Awon Tela

Shekara bakwai ina gefen kekensa
a rumfar da ke kallon Babbar Kasuwa.
Ni ke guga, ni ke ɗinka maɓalli.
Shi kuwa Baba Nomau, igiyar awo a wuya,
ya auna rabin Maraɗi,
bai taɓa auna kansa ba.

Daga randa abin ya faro.
Wadda ke kai mu la'asar
sai ga ta ƙafe tun kafin azahar,
moɗa a hannunsa kamar an ɗinke su tare.
Muka ce bazara ce. Bazara ta wuce,
Gulbi ya kawo har ya shafi gindin mangwarori,
ƙishin Baba ko labari bai ji ba.

Inna Tsahara ta ce sau biyar yake fita da buta,
ƙyauren ɗaki ya gaji da kuka cikin dare.
Ta ƙara, murya ƙasa-ƙasa don kunya:
inda ya tsuguna, da safe
tururuwa ke cincirindo
kamar an ɓarar da zuma.

Yana ci, wallahi yana ci,
malmala uku, ya bi da fura,
amma wata Talata na kama shi
yana rage ƙugun wandonsa a ɓoye.
Almakashi ya faɗo masa a yatsan ƙafa,
wata guda mikin na zaune, ya ƙi rufe baki.
Sai ranar da ya miƙo mini zare:
"Zura mini, Ila, yau kafar allura ta gudu."
Mutumin da ke zura zare da magariba!

A asibiti malama ta huda yatsa, ɗigo guda,
'yar na'ura ta faɗi nata awon.
Ciwon sukari.
Baba ya yi dariya: "Ni da ko shayi sai an matsa mini?"
Ta ce, "Ba mai kwaɗayin zaƙi kaɗai yake kamawa ba."
Sannan ta juyo gare ni:
"Rijiya ce, yaro. Cika ɓarna, ƙafewa ɓarna.
In ya sha magani bai ci ba, ka sa ido."

Saura kwana uku Babbar Sallah,
shadda ta taru har rufin kwano.
Ya haɗiyi ƙwaya da asuba, ya hau keke,
kokonsa ya huce, ƙuda suka gaje shi.
Da hantsi na ga gumi na tsiyaya daga haɓarsa,
na taɓa shi, sanyi kamar tulu.
Hannu na rawa, ɗinki ya bar hanya,
ya daka wa mai kaya tsawa,
shi da ko akuya ba ya kora da faɗa.
Magana ta harɗe masa a baki.

Mai kabu-kabu ya ce iska ce, a nemo hayaƙi.
Mai goro ya ce a bar shi ya yi barci.
Ni na ruga teburin Lawali mai shayi,
cokali uku cikin rabin kofi.
Na kira sunansa, ya amsa, yana iya haɗiya.
Da ya suma, malama ta ce, kada a ɗura komai,
sai dai a ɗauka, a nufi asibiti.

Ya sha. Muka tsaya kamar masu jiran wata.
Can idonsa ya dawo gida,
ya dubi rigar da ke ƙarƙashin allura:
"Wane sakarai ne ya ɓata wannan wuya?"
Ba wanda ya gaya masa.
Na sayo burodi, ya cinye.

Yanzu cikin gwangwanin maɓalli
akwai ƙullin sukari, ba mai taɓawa.
Ni ke zura zare.
Kafin ya ɗora ƙafa a keke nakan ce,
"Baba, ka karya?"
Ya harare ni ta saman tabarau,
ya jawo kwano.